Makaranta a Cikin Gida: Iko ne, ko Amana?

A ƙasar Amurka akwai iyaye masu yawa waɗanda ba su aika 'ya'yansu makaranta. Su da kansu su ke koya musu karatu da rubutu da lissafi a gida. Hukumar ilimi ta ƙasar ta ce a shekarar 1999 yaran da a ke koya wa haka sun kai wajen 850,000. A 2016 kuwa sun kai wajen 1,700,000. Sa'ad da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, gidajen da ke yin haka suka ninka cikin 'yan watanni. Mu ma a nan an rufe makarantunmu a watan Maris na shekaran nan, daga baya kuma aka rufe waɗansu saboda masu satar ɗalibai. Uwaye da yawa sun zauna a tsakar gida da yara biyu ko uku, kowace tana tambayar zuciyarta: ko ni zan iya koya musu?

Tambaya ce mai kyau, amma akwai wadda ta riga ta. Kafin mutum ya sayi allo da alli, ya kamata ya tambayi kansa: yaron nan na wa ne? Wa ya ke da ikon faɗin abin da za a zuba a cikin kansa, da abin da za a ɓoye masa?

Ƙasashe sun amsa dabam dabam. A Jamus doka ta ce lalle kowane yaro ya tafi makaranta, ba a yarda iyaye su riƙe shi a gida ba, sai ko don ciwo ko wani dalili irin wannan. Waɗansu iyaye masu bi sun kai ƙara har kotun haƙƙin ɗan adam ta Turai, amma a 2006 kotun ta goyi bayan gwamnati. Hujjar Jamus ita ce, makaranta ba wurin koyon baƙaƙe kaɗai ba ne; a can yaro ya ke koyon zama da wanda addininsa da al'adarsa ba irin nasa ba ne, kuma ƙasa ba ta so jama'arta su rarrabu, kowane gungu a rufe cikin nasa danga. A Faransa an yi sabuwar doka a 2021, ta ce sai da iznin hukuma za a koya wa yaro a gida. A Ingila kuwa tun dokar ilimi ta 1944 nauyin yana kan iyaye: su ga yaro ya sami ilimi, a makaranta ko ta wata hanya. Amurka ma ta saki igiya. Tun 1993 abin ya halatta a dukan jihohinta 50, ko da ya ke sharuɗan sun bambanta. Jihar Niyok tana neman tsarin karatu a rubuce, da rahoto sau huɗu a shekara. A jihar Tezas kuwa, wanda bai taɓa sa yaronsa a makaranta ba, ba ya bukatar ko sanar da kowa.

Akwai wata shari'a da ta cancanci mu tsaya a kanta. Mutanen Amish manoma ne masu ibada, waɗanda su ke guje wa yawancin kayan zamani. A jihar Wiskonsin waɗansu iyaye daga cikinsu suka ƙi aika 'ya'yansu makaranta bayan aji takwas, aka ci su tara. A 1972 babbar kotun Amurka ta ba iyayen gaskiya. Amma alƙali ɗaya, Wiliyam Daglas, bai yarda da dukan hukuncin ba. Ya ce an ji bakin iyaye, an ji bakin gwamnati, yawancin yaran kuwa ba wanda ya tambaye su, alhali kuwa rayuwar da a ke yanka tasu ce. In yaron Amish yana so ya zama wani abu dabam da manomi, wa zai buɗe masa ƙofa bayan an rufe ta tun yana ƙarami?

A ganina maganar alƙalin nan ita ce tushen batun. Muna yawan yin gardama kamar masu ƙara biyu ne kaɗai, iyaye da gwamnati, kowa yana jan hannun yaro ɗaya. Amma akwai na uku, shi ne mutumin da yaron zai zama. Bayan shekara ashirin zai tsaya a gabanka da gemu, ko kuwa ta tsaya da goyo a baya, yana da ikon tambayarka me ka yi da kwanakinsa. Saboda haka abin da ke hannun iyaye amana ce. Dukanmu mun san halin amana. Wanda aka ba ajiyar akuya yana ciyar da ita, yana ɗaure ta, yana korar kura, amma ba ya yanka ta ran da ya ji marmarin nama. Ba ya jin haushi in an zo dubawa. Ya kuma sani akwai ranar mayarwa. Iyaye sun fi gwamnati sanin yaron, sun kuma fi ta ƙaunarsa. Wannan ya isa dalilin da zai sa a ba su wuri na fari. Amma ƙauna ba ta mai da mai riƙo ya zama mai abu.

To, in haka ne, me wannan ya koya wa wanda ke son farawa?

Da fari sai ya binciki dalilinsa. Mutanen da suka ta da wannan hanya a Amurka ba daga rijiya ɗaya suka sha ba. Jon Holt malamin makaranta ne, ya ga yadda tsoron kuskure ya ke kashe zuciyar yara a aji, ya rubuta littafi a kan haka a 1964, a 1977 kuma ya soma buga jarida domin iyaye masu koyarwa a gida. Remond Mur da matarsa Doroti, masu bi ne, a 1975 suka fitar da littafi suna cewa a kan yi gaggawar ɗora wa yara karatu, gara a jira har shekara 8 ko ma 10. Mutum ya iya ƙin yarda da su, ni kaina ina ganin jiran ya yi tsawo ga yawancin yara. Amma ka lura, dukansu yaron suka duba. Akwai kuwa wani dalili wanda ke sa rigar wannan, shi ne tsoro: kada yarona ya ji abin da ban faɗa masa ba, kada ya yi tambayar da ba ni da amsarta. Tsaron ƙaramin yaro daga mugunta wajibi ne. Dashe ma a kan yi masa inuwa har ya kama ƙasa. Amma wanda ya bar masaki a kife kan dashe har abada, ba zai ci 'ya'yansa ba.

Bari mu duba wata uwa da ta yi aikin nan tun kafin a ba shi suna. Susana Wesli matar fasto ce a ƙauyen Efwot a Ingila. Ta haifi 'ya'ya 19, wajen rabinsu suka mutu suna jarirai. Cikin waɗanda suka rayu akwai Jon Wesli, wanda ɗariƙar Metodis ta fito daga aikinsa. A 1732 ta rubuta masa wasiƙa tana bayyana yadda ta yi renonsu. Ba ta fara koya wa yaro karatu sai ya cika shekara 5. Ranar farko a kan ba shi dukan baƙaƙen ya koya, yawancinsu kuwa suka iya a yini ɗaya. Makarantar gidan tana ci daga ƙarfe 9 zuwa 12, da kuma daga 2 zuwa 5. Horonta yana da tsanani, har da bulala ga ƙananan yara ƙwarai, wannan kuwa ba abin koyi ba ne. Amma abu biyu nata sun isa a riƙe. Ta keɓe wa kowane yaro lokacinsa a cikin mako, ita da shi kaɗai. Na Jon daren Alhamis ne. Ta kuma kafa doka a gidanta, kada a koya wa yarinya ɗinki da sauran aikin hannu sai ta iya karatu sosai, gama ta ga wannan shi ya sa mata kaɗan ne a zamaninta su ke karatu da kyau.

Ya ku 'yan'uwa, dokan nan ta biyu tana da magana da mu. Sau da yawa in an ce yarinya tana koyo a gida, ma'anarsa ita ce tana daka, tana ɗebo ruwa, tana goyon ƙanenta. Aikin gida ba abin kunya ba ne, yaro ma yana koyon ƙirga da awo a wurin mudu da tukunya. Amma in an shekara ba ta iya karanta sunanta ba, kada mu ruɗi kanmu: gidan nan ba makaranta ba ne, an sami baranya ce ba lada. Mu tuna kuma, 'ya'yan Susana maza ba su dawwama a gida ba. Jon yana da shekara 10 aka kai shi makaranta a Landan. Uwar ta san iyakar abin da ke cikin rumbunta.

Game da yadda a ke farawa da ƙananan yara, shawarar da ta fi kwanta mini ita ce ta Shalot Meson, wata malama ta Ingila wadda ta rubuta littafi a kan koyarwa a gida a 1886, ta rasu a 1923. Ta ce kafin shekara 6 kada a ɗora wa yaro darasi irin na aji, a bar shi sa'o'i da yawa a waje yana duban tsuntsaye da itatuwa da ƙwari, yana tambaya. In an fara kuwa, darasi ya zama gajere, minti 10 zuwa 20, a tashi tun hankalinsa bai gudu ba. A karanta masa labari mai daɗi sau ɗaya, sa'an nan a ce ya maimaita da bakinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Kakanninmu da tatsuniya suka yi shi, yaro ya ji yau, gobe shi ke ba ƙannensa. Ba a bukatar kuɗi mai yawa: ƙasa mai laushi da tsinke sun isa rubuta baƙaƙe, tsakuwa ko ƙwayar gyaɗa sun isa lissafi. A fara da harshen da yaro ya sha a nono, gama wanda ya gane yadda baƙi ke ɗaukar murya a Hausa ba zai sha wuyar ganewa a Turanci ba. Kuskuren da masu farawa su kan yi shi ne su kwaso dukan makaranta su kawo ɗaki, da ƙararrawa da jarrabawa da tsawa, mako uku uwa ta gaji, yaro ya tsani littafi. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu mafi wuya ga zuciyar iyaye shi ne yarda da idon waje. Malamin makaranta yana da shugaba a kansa, yana da mai duba makarantu. Uwa mai koyarwa a gida kuwa, ita ce malama, ita ce mai dubawa, ita ce alƙali. Wa zai gaya mata yaron ba ya gani sosai, ko kuwa ya haddace shafin ne kawai, ba karantawa ya ke yi ba? Wata mace Ba'amurka, Tara Westoba, ta ba da labarin kanta a littafi a 2018. Ta girma a kan dutse a jihar Aidaho, mahaifinta ba ya yarda da makaranta ko asibiti, karatun gidan kuwa kusan suna ne kawai. Ba ta taɓa zama a aji ba sai tana da shekara 17, bayan ta koya wa kanta abin da ya ishe ta cin jarrabawar shiga jami'a. Daga baya ta sami digirin dakta a Kambirij. Ita ta kuɓuta, amma bai kamata kuɓutar yaro ta rataya a kan taurin ransa ba. Yawancin masu koyarwa a gida ba haka su ke ba, da yawa suna yin aikin da aminci ƙwarai. Duk da haka inda ba mai leƙawa, nagari da mugu ɗaya su ke a idon maƙwabta. Shi ya sa ni ban ga laifin gwamnatin da ke neman rahoto ba, ko da ya ke ina ganin Jamus ta wuce wuri da ta hana abin ɗungum.

A Nijeriya dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye su ga yaro ya shiga firamare da ƙaramar sakandare ya kuma gama, shekara 9 ke nan. Saboda haka ga yawancin masu karanta wannan, filin koyarwa a gida shi ne shekarun da ke gaban shiga aji ɗaya, da maraice bayan an taso, da kwanakin da makaranta ke rufe. Filin nan ba ƙarami ba ne. Wanda zai shiga cikinsa, bari ya nemi wani malami ko tsohuwar malama a cikin ekklesiya ko unguwa, ya roƙe su su zo sau ɗaya a wata uku. A zaunar da yaron, iyaye su koma gefe su yi shiru, a ba shi shafin da bai taɓa gani ba ya karanta, a ba shi tsakuwa ashirin ya raba wa mutum huɗu. A kuma tambaye shi sunayen abokan wasansa, a ji ko akwai waɗanda ba 'yan gidansu ba ne.