Kama da Wane Ba Ta Wane

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin masu sha'awar tuƙin jirgin sama a kwamfuta, kuma tun da intanet ta shiga aljihun kowa, gardamar ta iso har majalisun samari a nan Zongon Kwatano. Ga yadda abin yake. Mutum zai sa manhajar kwaikwayon tuƙi, irin su Microsoft Flight Simulator da aka fara fitarwa a 1982, ko kuma X-Plane. Kowace manhaja tana zuwa da jiragenta, amma waɗanda sha'awar ta yi wa katutu ba sa gamsuwa da su. Sai su sayi wani jirgin su ɗora a kai, kamar Boeing 737 na kamfanin PMDG ko Airbus A320 na Fenix. Wanda ba shi da kuɗi ya sauke A32NX, wanda wasu 'yan sa-kai suka haɗa suka bayar kyauta. A irin waɗannan jirage kusan kowane maɓalli na ɗakin matuƙa yana aiki, kuma inji ba ya tashi sai ka bi matakai ɗaya bayan ɗaya kamar yadda matuƙi yake bi.

Abin da ake gardama a kai shi ne wanne ya fi kama da na gaske a hannu. Wannan ya ce jirgi kaza ya cika rawar kai, da ka taɓa sandar tuƙi sai ya karkata kamar fallen takarda. Wancan ya ce a'a, ɗayan ne ya cika nauyi kamar ana jan taurin sa. Akasarin masu wannan musu ba su taɓa riƙe sitiyarin jirgi na gaske ba. Duk da haka ban ɗauki gardamarsu shirme ba, domin a ƙarƙashinta akwai tambaya mai nauyi: idan abu ya ce shi kwaikwayon gaskiya ne, wace gaskiya ce ta wajaba a kansa, wace ce kuma ta wajaba a kanmu?

Mu fara da hannu, tunda a nan ake musun. Ɗan zem da ya ɗauko buhun shinkafa biyu daga kasuwar Dantokpa ba ya buƙatar waiwaye kafin ya san ya yi lodi. Kafaɗunsa da damatsansa sun riga sun gaya masa. Haka jirgin sama yake magana da hannun matuƙi. A Boeing 737 sitiyarin yana haɗe da wayoyin ƙarfe da na'urori masu aiki da ƙarfin mai, kuma an tsara shi yadda yakan ƙara nauyi idan gudu ya ƙaru. Matuƙi yakan yi ta saita wutsiyar jirgin har sai nauyin ya bar hannunsa. Sandar da ake sayarwa ta gida kuwa, galibi sifirin ne kawai a cikinta mai mayar da ita tsakiya. Ko jirgin yana rarrafe ko yana tsala gudu, taurinta ɗaya ne. Airbus ya ɗan fi sauƙin kwaikwaya ta wannan fuska, domin tun daga A320 da ya fara jigila a 1988, ƙaramar sanda ce a gefen matuƙi, ita ma mai sifirin, kwamfuta ce ke karɓar umarninta ta isar wa fukafukai. Amma ko a nan, mai zaune a ɗaki ba ya jin kujera tana tura bayansa, ba ya jin cikinsa ya ɗaga idan jirgi ya faɗa ramin iska.

Wannan gibi ne ya sa kamfanonin jirage suke kashe miliyoyin daloli a kan manyan na'urorin horo, wato ɗakin matuƙa sukutum da aka ɗora a kan ƙafafu shida masu motsi. Asalin dabarar tsohuwa ce. Wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya ƙera akwatinsa na koyon tuƙi tun 1929, kuma dubban matuƙa sun yi horo a cikinsa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A yau, da na'ura mafi daraja, gogaggen matuƙi yana iya kammala koyon sabon samfurin jirgi ba tare da ya bar ƙasa ba, ranar da zai fara tuƙa na gasken kuma da fasinjoji a bayansa, malami yana gefensa. Kashe inji a tsakiyar tashi, ko gobara, ko guguwa, duk a cikin akwati ake gwada su sau goma sau ashirin, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka kada wani ya ce kwaikwayo wasan yara ne. Rayuka masu yawa sun tsira ta dalilinsa.

To amma daidai gwargwadon yardar da aka ba abu, daidai gwargwadon ɓarnar da ƙaryarsa za ta yi. Ranar 10 ga Maris 2019 jirgin Habasha samfurin Boeing 737 MAX ya faɗi 'yan mintoci bayan tashinsa daga Adis Ababa, mutum 157 suka rasu. Wata na'ura ce ta yi ta danna hancin jirgin ƙasa saboda bayanin kuskure da take samu. Matuƙan sun kashe wutar saitin wutsiya, suka koma ga faifan da ake murzawa da hannu, amma a irin gudun da suke yi faifan ya yi taurin da ya fi ƙarfinsu. Wata biyu bayan haka kamfanin Boeing ya amsa cewa manhajar na'urorin horo na wannan samfuri ba ta nuna ainihin ƙarfin da murza faifan yake buƙata a irin wannan hali ba, ya ce kuma ya gyara. Sanadin hatsarin yana da rassa da yawa, ba a nan kaɗai ya tsaya ba. Darasin da ya shafe mu shi ne, na'urar da ta sauƙaƙa abin da yake da wuya ta yi wa ɗalibinta daɗin baki. Malamin da ke ce wa ɗalibi ya iya alhali bai iya ba, ya fi wanda ya ce masa je ka nemi wani malamin cutarwa. Wannan haƙƙi yana kan mai ƙera na'urar miliyoyi, yana kuma kan mai sayar da jirgin kwamfuta na dala hamsin: ya faɗi iyakar abin da kayansa suke iya kwaikwaya.

Akwai kuma haƙƙi a kan mai kallon sakamakon kwaikwayo ya yanke hukunci. Ranar 15 ga Janairu 2009 wani Airbus A320 ya yi karo da garken dinya jim kaɗan bayan tashi daga birnin Niyok, injinansa biyu suka mutu. Matuƙin, Chesley Sullenberger, ya sauke shi a kan kogin Hudson, duk mutum 155 suka tsira. Da masu bincike suka maimaita tafiyar a na'urar horo, wasu matuƙa sun iya komawa filin jirgi lafiya. Sai dai su sun san abin da zai faru, suna juyawa nan take. Da aka ce a jira daƙiƙa 35, gwargwadon lokacin da ɗan Adam yake buƙata ya gane abin da ya same shi, jirgin bai kai filin ba. Wanda ya san ƙarshen labari ba daidai yake da wanda labarin ke faruwa a kansa ba. Ya kamata saurayin da ya sauke jirgi sau ɗari a ɗakinsa ya riƙe wannan, haka mu ma masu sharhi a rediyo da majalisa, da muke saurin cewa da ni ne da na yi kaza.

Yanzu mu dawo gida, domin abin da ya fi damuna yana nan kusa da mu. A cikin waɗannan jiragen kwamfuta akwai wani ɗan allo a gefen kujerar matuƙi. A nan kake rubuta yawan fasinjoji, da nauyin kaya, da yawan mai, da yadda aka raba kayan tsakanin gaba da baya. Daga waɗannan alƙaluma ake fitar da gudun da jirgi zai kai kafin a ɗaga hancinsa, da inda za a saita wutsiya. Abin da ka rubuta, shi ne nauyin jirgin, ba ƙari ba ragi. A cikin kwamfuta takarda da kaya ba sa saɓawa. Babu wanda zai lallaɓo da ƙarin jakunkuna bayan an rufe lissafi, babu mai cewa a yi haƙuri a shigar da mutum biyar, 'yan uwan oga ne. A ganina nan ne wurin da wasan ya fi nisa da duniyarmu, ya fi batun taurin sanda nesa ba kusa ba.

Filin jirgin Kajehun, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Kadinal Bernardin Gantin, tafiyar 'yan mintoci ne daga Zongo a kan zem. Ranar 25 ga Disamba 2003 wani Boeing 727 na wani kamfanin ƙasar Gini mai suna UTA, wanda ya taso daga Konakiri ya yada zango a Kwatano, ya kama titi zai nufi Bairut. Da lokacin ɗaga hanci ya yi, matuƙi ya ja sitiyari, jirgin ya yi nawar amsawa. Ya ɗaga da ƙyar, ya bugi wani ɗan gini a ƙarshen titin, ya tarwatse a bakin teku. Fiye da mutum 130 suka rasu, da yawansu 'yan Labanan masu komawa gida hutu. Hukumar binciken hatsarin jirage ta Faransa ta gano cewa an yi wa jirgin lodin da ya wuce ƙa'ida, nauyin kuma ya rinjaya gaba, matuƙan ba su san iyakar haka ba. Sun saita jirgin da ke cikin lissafinsu, alhali wani jirgin ne daban a ƙarƙashinsu. Hannun matuƙin bai yi ƙarya ba, injin ma bai yi ba. An riga an ɓata gaskiyar tun a ƙasa, wurin awo da rubutu. Allah Ya ƙara wa iyalansu haƙuri.

In irin wannan ta faru, bakinmu yakan yi saurin cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne ajali ba ya jira. Amma ganganci yana da masu shi, kuma suna da hannu da alƙalami. Je ka tashar Jonke ka ga yadda ake cusa mutum a kan mutum, ko ka tsaya a hanyar Paraku zuwa Malanbil ka ga tirela ta yi doro da kaya har tana tafiya a karkace. Kowa a wurin ya san awon gaskiya. Direba ya sani, ɗan kamasho ya sani, fasinjan da ya ce a matsa a ba shi gefe shi ma ya sani. Muna yi ne kawai kamar akwai maɓallin sake farawa, irin wanda ke cikin wasa. Ka ga ashe abin ya juye: mai wasa yana ta fama wasansa ya yi kama da gaske, mu kuma muna tafiyar da gaske kamar wasa.

Wani zai ce, malam ka cika tsanani, yaro ya sayi abinsa don nishaɗi, in ya ga dama ya tashi ba lissafi, ya kifar da jirgin a teku, wa ya cuta? Ban ce ya cuci kowa ba, kuma nishaɗi halal ɗinsa ne. Wani kuma zai ce kiyaye ƙa'ida a inda babu sakamako aikin banza ne, tunda tsoro ne ke gyara mutum, a ɗaki kuwa babu abin tsoro. A nan ne na saɓa. Wanda tsoro kaɗai ke sa shi bin ƙa'ida, ranar da ya saba da hanya tsoron zai gushe, ƙa'idar ta bi shi. Direbobin da suka fi yin lodi ai tsofaffin hannu ne, waɗanda suka yi sau dubu ba abin da ya faru. Abin da ke riƙe mutum bayan tsoro ya tafi shi ne hali, hali kuwa a inda ba mai kallo ake gina shi. Saurayin da ya zauna shi kaɗai cikin dare, ya karanta jerin abubuwan dubawa layi bayan layi, ya lissafa nauyi, ya ga saukar ba ta daidaita ba ya fasa ya sake zagayowa, alhali ba mai yaba masa ba mai hukunta shi, yana koyon abin da ya fi tuƙi. Yana koyon girmama awo. Ko bai taɓa shiga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ba, wannan hali zai bi shi shagon gyaran waya, ko ɗakin magani, ko bakin sikeli a kasuwa.

Saboda haka ga amsata ga masu gardama. Jirgin kwamfuta mafi gaskiya shi ne wanda ba ya yi maka daɗin baki: in ka yi masa lodi ya yi nawar tashi, in ka saita wutsiya ba daidai ba ya wahalar da kai, in ka zo da gudu ya wuce titi. Ku nemi wannan, ku bar musu a kan nauyin da ba ku taɓa ji a hannunku ba. Ku kuma tuna kama da wane ba ta wane; awa dubu a gaban allo ba ta mai da mutum matuƙi, kamar yadda haddace muryar mai labarai ba ta mai da mutum ɗan jarida. Sauranmu da ba ruwanmu da wasan, akwai abu ɗaya da za mu ara daga gare shi. Duk wanda aikinsa ya haɗa da rubuta adadi, na buhu ne ko na fasinja ko na allurar magani, ya rubuta abin da yake nan. Akwai wani a gaba da ba ka sani ba, wanda zai ɗora ransa da na jama'a a kan abin da alƙalaminka ya ce.