Tawali'u da Mutumin da Bai Taka Wata Ba

Tawali'u, wato mutum ya san matsayinsa ya kuma riƙe shi da kyau ba tare da jiran yabo ba, hali ne da ba a tantance mai shi sai ranar da suna ya zo gab da hannunsa. Cikin mutum 24 da shirin Apollo na Amurka ya kai duniyar wata tsakanin 1968 da 1972, 12 ne kaɗai suka taka ta, kuma a duk sauka shida da aka yi sai an bar mutum guda cikin babban kumbo yana kewaya wata, saboda ƙaramin kumbon da ke sauka ba a ƙera shi don dawo da kowa gida ba.

A tafiyar Apollo 11, cikin Yulin 1969, Michael Collins ne wannan aiki ya faɗa wa. Neil Armstrong da Buzz Aldrin sun yi sama da sa'o'i 21 a doron wata, shi kuwa yana sama shi kaɗai, kuma duk lokacin da kumbonsa ya shiga bayan wata sai sadarwar rediyo ta yanke na kimanin minti 48, ba ya jin kowa, ba mai jin sa. Miliyoyin mutane sun kalli takun farko a talabijin, amma wanda ya fi kowa kusa da wurin bai gani ba. Abin da ya tsaya masa a rai, kamar yadda ya bayyana daga baya, shi ne kada injin ƙaramin kumbon ya ƙi tashi ya koma gida ba abokan tafiyarsa, shi ya sa ya riƙe kundin dabaru 18 na haɗuwa da su idan lissafi ya karkace. Mutanen Gaya sun san irin wannan tsayuwa a bakin kogin Kwara, inda mai kwale-kwale kan zauna riƙe da jirginsa fatake sun haura kasuwar Malanville: ba da shi ake ciniki ba, amma ba mai komawa gida sai da shi.

Halin ya fi fitowa fili a tambarin tafiyar, wanda Collins ya zana da hoton gaggafa ɗauke da reshen zaitun, aka kuma bar shi ba sunan ko ɗaya daga cikin su ukun, saɓanin yadda aka saba, domin ya tsaya a madadin mutum kimanin 400,000 da suka yi wa shirin aiki. Wannan adalci ne da ya dace, don kuwa hanyar zuwa wata ta ratsa ta wuraren da ba a cika ambata ba, har da Kano, inda hukumar NASA ta kafa tashar bibiyar kumbo wadda ta saurari ɗan sama jannati John Glenn lokacin da ya kewaya duniya sau 3 a Fabrairun 1962.

Masu ɗaukar tawali'u a matsayin rashin zuciya sun yi kuskure babba, domin Collins matuƙin gwajin jiragen yaƙi ne wanda ya taɓa fita daga kumbon Gemini 10 a sarari cikin 1966. Da Deke Slayton, mai rarraba ƴan sama jannati ga tafiye-tafiye, ya nuna zai mayar da shi layin da ke iya kai shi ga jagorantar wata sauka, sai ya ce in Apollo 11 ta yi nasara ya gama, saboda horon ya daɗe yana raba shi da iyalinsa. Ya bar NASA a 1970, ya shugabanci gidan tarihin jiragen sama da kumbuna na Washington daga 1971 zuwa 1978, ya rasu a 2021.