Ina Iyakar Maƙwabtaka?

Shin mutum yana ɗaukar alhakin cutar da bai gani ba, wadda ta faɗa wa wanda bai sani ba? Mu mutanen Rano da Kibiya mun ɗauka maƙwabci shi ne wanda muka haɗa katanga ko iyakar gona da shi. To amma maganin ƙwarin da muke fesawa ruwan sama kan wanke shi zuwa rafi, wani ma a bakin rafin yake ɗauraye famfon feshinsa.

Mukan ce ai ruwa ya tafi da shi. Alhali kuwa ire-iren DDT ba su cika narkewa ba, lakar gindin kogi suke maƙalewa su yi shekaru. Tsutsa ta ci laka, tarwaɗa ta ci tsutsa, gubar ta taru a kitsenta, sannan ta faɗa tukunyar wani. Shi ya sa yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta taƙaita amfani da DDT, a 2009 kuma aka haramta lindane, sinadarin Gamalin 20 da aka sha zubawa a ruwa don kama kifi.

Ruwan da ya baro madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana ratsa Wudil da Haɗeja har fadamun Nguru. Masuncin can ma maƙwabcinmu ne, tunda abin da muka zubar yana isa gare shi.

Ba mu ce manomi ya bar wa ƙwari wakensa ba. Amma uzurin rashin sani ya ƙare daga ranar da muka sani. Mu kiyaye ƙa'idar awo, mu ɗauraye famfo nesa da rafi, mu daina jefa gwangwanin magani a ruwa.