A Kan Mita Ɗaya

'Yan'uwa cikin Almasihu, samarinmu da suka yi makaranta sun zo mana da wata maganar Turawa. In mutum biyu sun shaƙu, har wannan ya san nufin wancan tun bai buɗe baki ba, sai su ce suna kan mita ɗaya. Mu kuwa mukan ce jininsu ya haɗu. Maganar Turawan daga rediyo ta fito, akwai kuwa koyarwa a cikinta.

Tashar ELWA ta soma magana daga Laberiya a 1954, sashen Hausa na BBC kuma a 1957. Dattawanmu na Kazaure da Roni suna tune da yadda akan yi ta murɗa akwatin da dare. In allura ta goce ko kaɗan, ba ka jin kome sai shuu. Amma ga akwati a Babura, ga wani a Gwiwa, ba abin da ya gama su, in an sa su a kan mita ɗaya, murya ɗaya za su fitar. Tasha ɗaya suka kama, shi ya sa bakinsu ya zo ɗaya.

A Filibi akwai mata biyu, Afodiya da Sintiki, waɗanda suka yi fama tare da Bulus cikin aikin bishara, daga baya suka saɓa. Ku duba Filibiyawa sura 4. Bulus bai faɗi mai gaskiya a cikinsu ba. Ya roƙi kowacce da sunanta, ya nuna musu Ubangiji, a nan za su sadu.

To, mu fa? Saboda iyakar gona, ko bashin damin gero, wani ya daina gaida ɗan'uwansa. Wani ma ya bar zuwa Jibin Ubangiji don kada su sha daga ƙoƙo ɗaya. Mu kima ne a ƙasan nan, maƙwabta kuma suna kallonmu. In shuu kaɗai suke ji daga ikkilisiya, yaya za su ji muryar Mai Ceto?

Kada ka ce jininku ne bai haɗu ba. Jinin Yesu ne ya gama ku. Ka fara daidaita zuciyarka da Ubangiji cikin addu'a, sa'an nan ka tafi gidan ɗan'uwanka kafin Lahadi, ko da kai aka yi wa laifin.

Ubangiji ya taimake mu. Amin.