Ado ga wadda ba ta san an yi mata ba

Kewayen kan jaririya sabuwar haihuwa bai cika wuce santimita 35 ba, saboda haka zaren da zai isa a saƙa mata maɗaurin kai bai taka kara ya karya ba. Sau da yawa ragowar wani aiki ne, abin da ya saura bayan an gama hula ko safa. Mai saƙa takan ɗauki kwarashi ta fara da sarƙa, ta gwada tsawonta, ta ɗan rage saboda zare yana miƙewa, ta hau layi uku ko huɗu ta haɗe bakin. Sannan ta saƙa wani ɗan ƙyalle dabam, ta matse tsakiyarsa da yatsu ta naɗe da zare har gefen biyu su buɗe kamar fikafikan malam-buɗe-littafi, ta ɗinke wannan ƙulli a jikin maɗaurin, ta tura bakin zaren ciki don kada ya sosa fata. Kafin la'asar an gama. Abin ba ya maganin sanyi, ba ya tare rana, ita kuwa wadda aka yi dominta ba ta san yana kanta ba. In ma ta ji shi, ƙoƙarin fizge shi za ta yi. To, a ma'aunin addini da hankali, ina matsayin aikin da ba shi da amfanin da za a nuna, kuma wadda aka yi wa ba za ta taɓa cewa na gode ba?

Tambayar ta fi nauyi a gari irin Fau da ke jihar Gadarif a Sudan, a gindin duwatsunsa kan titin da ya tashi daga Wad Madani ya nufi gabas. Nan ne hedikwatar aikin noman rani na Rahad da aka buɗe a ƙarshen shekarun 1970, fili mai faɗin kusan feddan 300,000 na auduga da gyaɗa da dawa, wanda ke shan ruwa daga kogin Rahad ta madatsar Abu Rakham da kuma ruwan da ake turowa daga Shuɗin Nilu. Hausawa da Fulani sun daɗe a wannan yanki, jikokin mahajjata da manoma da waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Garin ya san baƙin wahala. A tsakiyar shekarun 1980 an kafa sansanoni masu ɗauke da sunansa domin waɗanda yunwa da yaƙi suka koro daga Habasha, sannan da Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a yaƙinsu da sojojin Sudan a Disambar 2023, dubban iyalai ta wannan titi suka bi, Fau kuma ta koma bakin daga har sojoji suka ƙwato Madani a Janairun 2025. Wanda ya ga uwa a irin wannan hali tana lissafin layin saƙa don ƙawata kan jaririya, ya ce mata baiwar Allah wannan almubazzaranci ne, ba za a ce ya yi maganar banza ba. Ni dai ina ganin ya yi kuskure, kuma kuskuren ya cancanci a bi shi a hankali.

Malaman usulu sun kasa buƙatun ɗan Adam gida uku: larurori waɗanda rayuwa ba ta tsayuwa sai da su, buƙatu waɗanda rashinsu ke jawo ƙunci, da abubuwan kyautatawa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tsara wannan rabo, sannan Abu Ishaƙ Shaɗibi, malamin Malikiyya na Garnaɗa da ya rasu a 1388, ya faɗaɗa shi a littafinsa Muwafaƙat. Mai sukar ado yakan riƙe rabin maganar, wato larura ita ce gaba, kuma gaskiya ne: in kuɗin zaren shi ne kuɗin maganin zazzaɓi, babu gardama, magani za a saya. Sauran rabin shi ne ake mantawa. Shaɗibi ya nuna cewa matakin ƙarshe yana kare na sama da shi, kuma in aka rushe kyautatawa gaba ɗaya, rauni yakan gangaro har ya taɓa tushe. Ana ganin haka a zahiri. Gidan da aka daina share tsakar gida, aka daina yi wa yara kitso, aka daina sa musu kwalli don ana ganin ba shi ne matsalar yau ba, da wuya abin ya tsaya a nan. Hannun da ke auna kan jaririya da zare shi ne hannun da zai fara jin jikinta ya yi zafi, idon da ke duba ko ƙullin ya karkace shi ne zai fara lura maɗigarta ta faɗa. Kulawa ɗabi'a ce guda, ba a yanke mata reshe ɗaya sauran su zauna lafiya ƙalau.

Nassi ma bai bar mu cikin duhu ba. A Suratul A'araf, ayar da ta hana wuce iyaka a ci da sha tana maƙwabtaka da wadda ta yi inkari ga mai haramta adon da Allah ya fitar wa bayinsa, don kada wani ya ɗauki ɗaya ya doke ɗayar. A sunna kuwa akwai labarai biyu da ya kamata mutanen Gadarif su ji su kusa da zuciya, tunda iyaka ɗaya suke da Habasha. Buhari ya ruwaito cewa an kawo wa Annabi (SAW) tufafi, a ciki akwai wata 'yar ƙaramar riga baƙa mai zane kore ko rawaya. Ya sa aka ɗauko masa Ummu Khalid 'yar Khalid ɗan Sa'id, yarinyar da aka haifa a Habasha lokacin da iyayenta ke gudun hijira, ya sanya mata da hannunsa, ya yi mata addu'ar tsawon rai, yana nuna zanen yana yaba kyansa. Abu Dawuda kuma ya kawo cewa Najjashi, sarkin Habasha, ya aiko da kayan ado, ciki har da zoben zinariya, Annabi ya kira jikarsa Umama 'yar Zainab ya ba ta. Madina ta wancan lokaci ba garin wadata ba ne. Gidan Annabi kansa kan yi wata biyu ba a hura wutar girki ba. Duk da haka ba a ce a sayar da 'yar rigar a sayi dabino ba, 'yar gudun hijira aka nemo aka yi wa ado da ita.

Sai dai wani zai ce Ummu Khalid ta yi wayo, ta ga rigar ta yi murna, har ta girma ta ba da labari da bakinta, jaririyar kwana bakwai fa? A nan ne asalin maganar take, domin wannan suka ta ginu a kan zaton cewa girmamawa ba ta da ƙima sai wanda aka yi wa ya san an yi. Musulunci bai yarda da wannan zato ba, kuma hujja mafi ƙarfi tana ɗaya ƙarshen rayuwa. Muslim ya ruwaito umarnin a kyautata likkafanin mamaci. Ummu Aɗiyya, wadda ta yi wa 'yar Annabi wankan gawa, ta ba da labarin cewa an umarce su su sa kafur a ruwan ƙarshe, kuma sun yi wa gashinta kitso gida uku. Kitson da ƙasa za ta rufe cikin sa'a guda, mai shi ba za ta duba madubi ba, ba za ta yi godiya ba. An yi shi ne saboda ita mutum ce, mutuncinta kuma bai rataya a kan abin da take iya gani ko ramawa ba. Haka abin yake a farkon rayuwa. Ana zaɓa wa jariri suna mai kyau tun bai san ana kiransa ba. Ranar suna, wadda a Sudan ake ce wa simaya, ana yanka rago, wanzami ya aske kai. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Nana Faɗima ta auna gashin 'ya'yanta, mazan da matan, ta yi sadaka da azurfa daidai nauyinsa. Me gashin jariri zai auna? Amma an ɗora shi a sikeli an biya shi da azurfa. Duk wannan hidima ana yinta ne ga wanda bai tsinana wa kowa komai ba tukuna, kuma ita ke koya wa manyan da ke wurin cewa darajar ɗan Adam ta riga iliminsa da amfaninsa zuwa duniya. Ɗan maɗaurin da ake ɗora wa kan da aka aske jiya yana cikin wannan dangi na ayyuka, ko da yake shi al'ada ne, ba ibada ba.

Akwai ƙarin ma'ana idan jaririyar mace ce. Bayan aski, kan namiji da na mace ɗaya suke, saboda haka ƙullin nan shela ne ga duk wanda ya shigo barka cewa mace aka samu kuma ba a ɓoye ba. Suratun Nahli ta siffanta mutumin jahiliyya da fuskarsa ke baƙi in an yi masa albishir da 'ya mace, yana ɓuya daga mutane. Har gobe akwai gidajen da guɗar haihuwar mace ba ta kai ta namiji ƙarfi, kuma akwai matan da ake yi wa gori don sun jera mata. Uwar da ta ƙawata 'yarta ta miƙa ta ga dangin miji tana ba da amsa ba tare da ta buɗe baki ba. Na yarda akwai haɗari a ɗaya gefen, wato yarinya ta taso tana jin cewa abin da ake so a wurinta kyau ne kawai. Amma wannan laifin shekarun da ke biyo baya ne, idan an saya mata ɗan kunne an hana ta allo da littafi, kuma cire zare daga kan jaririya ba zai gyara shi ba.

Sukar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta riya. Tunda jaririyar ba ta gani, ai don idon mutane aka yi, balle yanzu da ake ɗaukar hoto a watsa a WhatsApp da Facebook kafin cibiya ta faɗi. Wannan gaskiya ne a wasu lokuta, kuma babu amfanin musu. Sai dai bayyana farin ciki da ni'ima daban, neman a fi wata daban, kuma akwai alamar da ake rarrabe su. Idan adon ya kai ga cin bashi, ko mai jego ta kasa fitowa ranar suna don kayan 'yarta ba su kai na 'yar kishiya ba, abin ya tashi daga hannun jaririya ya koma na 'yan kallo. Abin lura shi ne saƙar hannu ta fi kayan kanti nisa da wannan cuta. Kuɗinta kaɗan ne, abin da ta ci lokaci ne, kuma galibi kaka ce ko gwaggo ko maƙwabciya ke yinta tun cikin yana wata bakwai, tana saƙa tana addu'ar a sauka lafiya. Har yanzu ba a ƙera injin da ke yin saƙar kwarashi yadda hannu ke yi ba, don haka duk wadda aka gani, wani mutum ne ya zauna ya bi ta ɗaya bayan ɗaya. A Ailan, lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845, wannan sana'a ce ta ciyar da iyalai da dama, mata na saƙa leshi ana kai wa masu kuɗi. Matar da aka raba da gidanta a Madani, ba ta da jari sai kwarashi da ƙwarewar hannu, in ta saƙa ta sayar, kuɗin adon wata jaririya ya zama abincin tata.

Masu tsoron kambun baka kan ce a bar yaro ba kwalliya don kada ido ya kama shi. Tsoron yana da asali, domin hadisi ya tabbatar da kamun ido. Amma a ƙissar Sahlu ɗan Hunaif da ke cikin Muwaɗɗa, wanda ya faɗi ciwo bayan Amir ɗan Rabi'a ya yaba kyan fatarsa, Annabi bai ga laifin mai kyau ba. Mai yabon ya yi wa faɗa, don bai haɗa da addu'ar albarka ba. Nauyin yana kan mai kallo ya ce tubarkalla masha Allah, yana kan iyaye su yi wa 'ya'yansu addu'ar tsari kamar yadda aka yi wa Hasan da Husaini. Batun cewa ƙullin salon Turawa ne kuwa bai da ƙarfi sosai. Annabi ya sa jabba ta Rumawa mai ƙuntatattun hannuwa, kuma da irin wannan kwarashi ake saƙa hulunan da maza ke zuwa masallaci da su a Gadarif da Kano.

Iyakar da ba ta karɓar jayayya ita ce cutarwa, kuma ita ce ke tona asirin niyya. Ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗewa ba, fatarsa kuma ba ta da ƙwari. Maɗaurin da ya bar shaida a goshi ya yi matsi. Zaren roba a zafin Fau na watan Afrilu yana tara gumi ya jawo ƙuraje, na auduga ya fi dacewa, kuma abin kunya ne a rasa shi a garin da auduga ta gina. Duwatsun ado da maɓallai da ake liƙawa a tsakiyar ƙullin suna iya ɓallewa su shiga baki. Mafi muhimmanci, likitocin yara suna gargaɗin kada a bar jariri ya yi barci da wani abu a kansa, domin yana iya zamewa ya rufe hanci ko ya sauka wuya. Uwar da ta ga 'yarta ta fara lumshe ido ta zare abin nan take, ko da ɗaki cike yake da 'yan barka kuma mai hoto bai iso ba, ta nuna wa aka yi wa adon. Wadda ta ce a bari tukuna a ɗauka, sai ta sake duba niyyarta.