Fatawa: In Na Faɗi Damuwata, Ladan Haƙurina Ya Zube?

Tambaya: Malam, ni matar aure ce a Zangon Wagadugu. Maigidana yakan tafi Lome saro kaya ya yi wata guda, kuɗin cefanen da yake bari kuwa ba sa kai mako biyu. Shekara huɗu ban ce uffan ba, don an horar da ni cewa 'yar mutunci ba ta kai ƙara. Yanzu barci ya ƙaurace mini, har na fara jin ƙinsa a raina. In na yi magana, ladan haƙurina ya zube?

Amsa: 'Yata, bai zube ba. Haƙurin da Allah Ya yaba shi ne kame harshe daga zagi da kame zuciya daga fushi da hukuncinSa. Neman haƙƙi cikin ladabi ba ya warware shi.

Hindu 'yar Utba ta je gaban Annabi (SAW) ta bayyana rowar mijinta Abu Sufyan. Bai tsawata mata ba, ya ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da ɗanta daidai da al'ada, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Haka Khaula 'yar Sa'alaba ta yi ta maimaita kukanta a kan mijinta Ausu ɗan Samit, har aka saukar da farkon sura ta 58, Mujadala. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ma ta ba wanda aka zalunta damar bayyana zaluncin, kuma Imam Nawawi ya lissafa wannan cikin wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙin da kika ambata. Shirun da ke haifar da ƙiyayya ya fi magana haɗari ga aurenki da addininki. Na kuma san wuyar abin: tun da aka rushe unguwar Zangouettin ta Wagadugu a 2003 don aikin sake fasalin tsakiyar gari, dangi suka warwatsu, goggon da a da za a leƙa ɗakinta a sauke nauyin zuciya ta yi nisa. Mata da yawa sun rasa wurin kuka.

Ki fara da shi, ku biyu, lokacin da ya huta. Ki kawo masa lissafin shinkafa da gawayi da kuɗin makarantar yara, ba tare da gori ba. Wataƙila bai ma san farashin ya tashi ba. In bai gyara ba, ki sanar da waliyyinki ko limamin unguwa, a naɗa masu sulhu biyu daga danginsa da naki, kamar yadda aya ta 35 ta Nisa'i ta tsara. Baza maganar a gidan suna ko a WhatsApp kuwa bai halatta ba. Rashin barcin kuma ki je asibiti a auna jininki.

Hukunci: maganarki halal ce, kuma ciyarwa wajibi ce a kansa. Wallahu a'alam.