Tsuntsun da Ruwa Ya Doka

Sanyi iri biyu ne a arewacin Zamfara. Akwai na hunturu, busasshe mai tsaga leɓe, wanda kowa ya san da zuwansa ya tanadi bargo. Akwai kuma na marka, wanda ba a cika yi masa shiri ba, mai saukowa a cikin watan Agusta idan sama ta rufe, yayyafi ya kwana ya wuni bai tsagaita ba. A irin waɗannan ranaku Gulbin Gagare kan cika ya batse a gefen Ƙauran Namoda, Bunsuru ya tumbatsa ta wajen Zurmi, soraye su fara yoyo, katangun ƙasa su jiƙe har wasu su zube. Gona ba ta shiguwa, kasuwa ba ta ciyuwa. Mutum sai ya zauna a bakin zaure ko ƙarƙashin rumfa, kuma abin kallon da ya rage masa shi ne tsuntsayen gida: kurciya a kan katanga, hasbiya a gindin indararo, marai a reshen dogon yaro.

Duk wanda ya taɓa wannan zama ya san yadda kurciya take yi. Takan noƙe wuya, ta kumbura gashinta, ta lumshe ido, ruwa na gangarowa ta bayanta ba ta ko motsi. Da wuya a kalle ta a haka wani bai ce, "Allah sarki, dubi haƙuri" ba. In kuwa mai kallon ba shi da taushin zuciya, Hausa ta riga ta ajiye masa tasa maganar: tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ɗaya yabo, ɗaya zargi, amma daga wuri guda ake furta su, wato daga inda ruwa ba ya taɓa mai magana. Tambayar da ta dame ni ita ce ko wanda yake a bushe yana da hurumin raɗa wa wahalar jiƙaƙƙe suna.

Mu fara da tsuntsun kansa. Abin da ido ke ɗauka natsuwa, aiki ne tuƙuru. Zafin jikin tsuntsu yakan kai digiri 40 ko ya ɗara, sama da na ɗan Adam, kuma ƙanƙantar jikinsa ta sa ɗumin ke saurin tsere masa. Kumbura gashin da yake yi dabara ce ta tare iska mai ɗumi tsakanin gashi da fata. Man da yake lakatowa da baki daga tushen wutsiya yana shafe gashinsa da shi, shi ke taimaka wa ruwa ya zame. Idan gashin ya jiƙe har ciki, kariyar ta rushe, sai ya koma ƙona ɗan kitsen da ya tara. Rashin motsin nasa tattali ne irin na mai rumbun da ya kusa ƙarewa. Tsattsewa, wadda a sama take cafke ƙwarin da take ci, ta fi kowa shan wuya, domin ƙwari ba su cika tashi cikin ruwa ba. Damina ce kuma lokacin ƙyanƙyasar marai: uwa na tsakanin ta zauna ta ɗumama 'ya'ya su kwana da yunwa, ko ta fita nema sanyi ya kama su. Bayan an ɗauke ruwa, mai sharar tsakar gida yakan tarar da sakamakon a ƙasa, sheƙa da ta tsinke da tsirarun 'yan tsaki a ciki. Ba a cika kawo wannan a cikin zancen haƙurin tsuntsu ba, domin kafin a kai ga nan mai kallo ya tashi ya shiga ɗaka.

Da a kan tsuntsu kaɗai wannan kallo na rabi da rabi ya tsaya, da ba abin damuwa ba ne, kurciya ba ta jin abin da ake faɗa a kanta. Sai dai idon da ya saba da shi yakan kai shi kan mutane. Marka ita ce kuma tsakiyar yunwar shekara, hatsin bara ya ƙare, gero bai kai tumu ba, ana haɗa ɗan gari da tafasa da rama. Haka take tun kaka da kakanni. Abin da ya ƙaru a shekarun nan shi ne manomin ƙauyukan Zurmi da Shinkafi ba ya isa gonarsa sai da yardar masu bindiga da suka yi sansani a dazuka irin su Dumburum. A wurare da dama sai an biya su kafin a yi shuka, a sake biya kafin a girbe. A daminar 2021 an rufe kasuwannin mako, har da ta Alhamis a Shinkafi wadda fatake ke zuwa daga nesa, sannan a farkon Satumba aka katse layukan waya a faɗin jihar. Waɗanda suka tsere daga ƙauyuka sun raɓe a kangaye da shaguna da gidajen dangi a garuruwa. Idan aka ga dattijuwa a takure a barandar wani gini tana kallon ruwa, maganganun nan biyu ne dai ke fitowa. Wani ya ce mutanen ƙauye akwai haƙuri. Wani ya ce ai su suka ja wa kansu, a cikinsu masu kai rahoto suke. Kowanne ya faɗi tasa ya wuce da lemarsa.

Za a ce mini haƙuri ba ƙarya ba ne, kuma haka ne. Da babu shi, da garuruwan nan sun daɗe da watsewa, kuma wanda ya rasa gona da shanu ya ce ya yi haƙuri ya faɗi magana mai nauyi wadda ba ni da bakin musa ta. Amma kalmar tasa ce. A bakinsa shawara ce da ya yanke bayan ya auna abin da zai iya da wanda ya fi ƙarfinsa. A bakin maƙwabcinsa mai rufin kwano kuwa takan zama hanyar rufe zance cikin ladabi, domin wanda aka yaba wa haƙuri an ɗaure masa harshe, in ya yi ƙorafi ya zubar da yabon.

Akwai tsuntsu guda da Bahaushe bai tsaya ga yabonsa ba. Shamuwa takan iso gab da faɗuwar damina daga gabashi da kudancin Afirka, bayan ta ƙetare ƙasashe masu yawa, ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, wani lokaci a cikin gidan mutane. Ruwan da ke dukan kurciya ita ma yana dukan ta. Bambancinta shi ne yaro ya tashi ya tarar ba a harbin ta da danƙo, ba a taɓa ƙwanta, ba a sare itacen da ta zauna a kai. Babu dogarin da ke tsaron wannan doka. Gari ne ya ɗauki baƙuwa amana, ya jure kashinta da hayaniyar 'ya'yanta wata da watanni, shi ya sa take kwana a tsakiyar mutane ba fargaba.

Ban ce wannan karamci ba shi da lissafi a ciki ba. Shamuwa na cin fara da tsutsa, zuwanta kuma albishir ne na ruwa. Jan-baki, wanda ke sauka dubu-dubu a kan gero da shinkafa, da gwangwani da majajjawa ake tarbarsa, wani lokaci har da jirgin feshi, kuma ban ga laifin manomi ba. Sai dai ko da lissafin za a bi, ɗan gudun hijirar da ke kwance a kangon Ƙaura ba jan-baki ba ne. Geron da ya noma ne garin ya ci shekara da shekaru, shi ne kuma ya cika kasuwar da hatsi da bisashe tun zamanin da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929.

Idan kaka ta yi, wajen watan Oktoba, shamuwa za ta tattara 'ya'yanta da suka yi fiffike ta nufi kudu, ba wanda zai tare ta a hanya ya nemi kuɗin wucewa. Manomin kuwa gonarsa ba ta fi tafiyar rabin wuni daga inda yake kwana ba, kuma yana ganin hadari na haɗuwa ta wajenta.